Darasi na Tara: Ƙara wa Katin Girafik Gudu

Duk katin girafik da ya fito daga masana'anta, an riga an yanka masa gudun da zai yi. Kamfanin da ya ƙera shi ba ya kai wannan gudu ƙarshen ƙarfin katin, yakan bar ɗan rara, domin kati iri ɗaya za a sayar wa mai ɗaki mai sanyi a Jamus da mai shago a Sakkwato, kuma ana son ya yi wa kowannensu aiki shekara da shekaru ba a dawo da shi ba. Ƙarin gudu, wanda za ku ga manhajoji suna rubutawa overclocking, shi ne mutum ya shiga wannan rarar da kansa, ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan har ya gano inda katinsa ya tsaya. Ba a biyan ko kwabo, ba a kwance ko noti ɗaya. Abin da aikin yake ci shi ne lokaci da haƙuri da takardar rubuta lambobi.

Tun da farko ya kamata ku san girman ribar, don kada wani ya sa rai da abin da babu. A yawancin katunan zamani, ƙarin da ake samu ba ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Wasan da yake nuna hotuna 50 a sakan ɗaya zai koma 53 ko 55. Wanda yake tafiya da hotuna 20 yana sarƙewa ba zai gyaru da wannan hanya ba, sai dai a rage nauyin zanen ko a sauya kati. Amma wanda ya koyi aikin nan da kyau zai san katinsa ciki da waje: zafinsa, cin wutarsa, da abin da yake daƙile shi. Ni a wurina wannan sanin ya fi ƙarin gudun daraja.

Abin da ake ƙarawa

Sassa biyu na kati ne suka shafe mu. Na farko shi ne cip ɗin da yake tsakiya, ƙarƙashin ƙarfen shan zafi, wanda yake lissafin zane. Na biyu shi ne memorin katin, ƙananan cip-cip baƙaƙe da suka kewaye babban, inda ake ajiye hotunan da ake aiki da su. Kowannensu yana aiki ne da bugu, kuma ana auna bugun da megahaz, ana rubuta MHz. Megahaz ɗaya bugu miliyan ɗaya ne a sakan.

Mu ɗauki GTX 1060 mai memori 6GB, wanda NVIDIA ta fitar a shekarar 2016, domin har yanzu yana da yawa a hannun masu sayar da kwamfutoci na hannu. A takarda, gudunsa na tushe 1506 MHz ne, na sama kuma 1708 MHz, yana cin wuta wat 120. Sai dai in kun kunna wasa kuka duba, za ku tarar da shi a 1800 da wani abu, wani ma ya kusa 1900, alhali ba wanda ya taɓa shi. Dalili kuwa shi ne tun shekarar 2012, lokacin da GTX 680 ya fito, katunan NVIDIA suna da wani tsari mai suna GPU Boost. Katin da kansa yake duba abu uku a kowane lokaci: nawa zafina, nawa wutar da nake ja, nawa boltejin da aka yarda in kai. Muddin akwai sarari a duka ukun, sai ya hau. Da zarar ɗaya ya cika, sai ya sauko. Katunan AMD ma suna da irin nasu tsarin.

Wannan shi ne jigon darasin, kuma wanda bai riƙe shi ba zai yi ta jan lambobi a banza. Ku ba ku ba kati umarnin ya yi gudu kaza. Kuna faɗaɗa masa fili ne kawai, shi kuma ya hau gwargwadon abin da zafi da wuta suka bar masa.

Akwai kuma abin da ba ya hannun kowa. Cip biyu da aka yanko daga faifan silikon ɗaya ba sa zama daidai, kamar tukwanen da maginiya ta gasa a wuta ɗaya: wata ta fito da ƙwari, wata da ɗan rauni da ido ba ya gani. GTX 1060 na wani zai zauna lafiya a 2100 MHz, na maƙwabcinsa mai suna ɗaya da kwali ɗaya ya ƙi wuce 1980. Saboda haka kada ku kwafi lambobin kowa. Lambar wani tana nuna muku inda za ku iya dosa ne kawai, gwaji shi zai faɗi inda naku ya tsaya.

Zafi, wanda shi ne babbar matsalarmu

Masu gwajin katuna da kuke ganin sakamakonsu a mujallu da bidiyo galibi suna aiki ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 21 ko 22 ba. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hurawa a kan ƙarfe. Idan katin ya tsaya a digiri 70 a ɗaki mai digiri 22, ya ɗara ɗakin da 48 ke nan. Ku kawo katin nan shago mai rufin kwano a Kano ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, inda ɗakin kansa zai kai digiri 38, ku bar fankar a gudunta na da. Lissafin ya zama 38 a tara da 48, wato 86. A katunan zamanin GTX 1060, NVIDIA ta sa digiri 83 a matsayin inda kati zai fara ja da baya sosai don kare kansa. Kun ga tun ba mu ƙara komai ba mun riga mun ci iyaka.

Kuma ba sai an kai 83 gudun yake fara raguwa ba. Yayin da cip ɗin yake ɗumama, katin yana sauka mataki-mataki, kusan 13 MHz kowane mataki a wannan zamanin katuna, 15 MHz a na bayansu. Shi ya sa wasa yake farawa da santsi, bayan minti ashirin ya ɗan yi nauyi. Ma'anar wannan ita ce duk digirin da kuka rage, gudu kuka ƙara, ba tare da kun taɓa wata lamba ba.

Don haka aikin farko na hannu ne. Ku kashe kwamfuta, ku zare wayar wuta daga bango, ku buɗe murfin gefe, ku haska tocila tsakanin fukafukan fanka. Kati da ya sha hunturu biyu ba a share shi ba, za ku ga ƙura ta dunƙule a bakin siraran ƙarafan nan ta zama kamar auduga mai ruwan toka, har ana iya ɗago ta da tsinke a jere ɗaya. Iska ba ta ratsa wannan. A hure shi da bulowa a waje, amma a danne fankar da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da kima ta lalata mata gindi. Idan katin ya haura shekara huɗu ko biyar, mai yiwuwa man shan zafin da ke tsakanin cip da ƙarfe ya bushe ya zama kamar alli. Sauya shi yana rage zafi sosai, amma wanda bai taɓa kwance kati ba ya kai wa mai gyara, ya tsaya ya ga yadda ake yi. Sannan a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a janye ta daga jikin bango, a tabbata akwai fanka mai shigo da iska ta gaba da mai fitarwa ta baya.

Wuta

Ramin da ake soka kati a babban allo yana ba da wat 75. Wayar ƙari mai baki 6 tana ba da wasu 75, mai baki 8 kuma 150. Katin da ba shi da wayar ƙari, irin yawancin GTX 1650, ba shi da inda zai samo wuta fiye da 75 ɗin nan, don haka rararsa kaɗan ce. NVIDIA ta ba da shawarar akwatin wuta mai wat 400 ga GTX 1060, AMD kuma ta ce 500 ga RX 580, wanda shi kaɗai yake jan wat 185. Akwatin wuta marar suna, mai sauƙi a hannu kamar fanko, wanda aka manna wa takardar wat 600, ba abin dogara ba ne, kuma in ya ƙone yakan tafi da wasu kayan. Haka nan kada a yi gwaji a kan ƙaramin janareta mai hawa da sauka ko lokacin da wutar gari take rawa. Idan kwamfuta ta mutu a irin wannan hali, ba za ku san ko lambarku ce ta yi yawa ko wutar ce ta gaza ba, gwajin ya tashi a banza.

Kayan aiki

Manhaja uku sun isa, duka kyauta ne. MSI Afterburner ita ce ta jan lambobi, kuma tana aiki da katin kowane kamfani, ba sai na MSI ba. GPU-Z tana nuna ainihin sunan kati da zafinsa da gudunsa. Unigine Heaven ko Unigine Superposition kuma su ne na gwaji: suna ɗora wa kati zane mai nauyi, a ƙarshe su ba da maki. Mai katin AMD zai iya jan lambobinsa a cikin manhajar Adrenalin da take zuwa da direban katin. A sauko da Afterburner daga shafin MSI ko na Guru3D kaɗai. A shekarar 2021 kamfanin MSI da kansa ya yi gargaɗi cewa ɓata-gari sun buɗe shafin bogi mai kama da nasa suna raba manhajar da aka cusa wa cuta.

Kafin ku taɓa komai, ku kunna gwajin ku bar shi ya yi ta zagayawa minti goma sha biyar don katin ya ɗauki zafinsa na gaskiya, sannan ku ɗauki maki. A littafinku ku ja layi biyar: maki, gudun cip, gudun memori, zafi mafi girma, da lokacin da aka yi gwajin. Layin ƙarshen nan yana da muhimmanci, domin gwajin asuba da na azahar ba ɗaya ba ne. Wanda bai rubuta lambobin farko ba, ba shi da abin da zai kwatanta da shi, sai ya riƙa jin kamar kwamfutar ta ƙara sauri alhali zuciyarsa ce kawai take faɗa masa.

A GPU-Z, a shafin Sensors, masu katin NVIDIA za su ga wani layi mai suna PerfCap Reason. Shi ne yake faɗin abin da ya riƙe katin a wannan lokacin. In ya nuna Thrm, zafi ne, ku koma kan shara da iska, kada ku ci gaba. In ya nuna Pwr, iyakar wuta ce. In ya nuna VRel, katin ya kai ƙarshen boltejinsa, kuma wannan alama ce mai kyau: zafi da wuta ba su takura shi ba.

Jan lambobi

A fuskar Afterburner akwai sanduna da ake ja dama ko hagu. Ku fara da Power Limit, ku kai shi ƙarshe. Kada wannan ya tsorata ku, kamfanin ne ya sa iyakar sandar a cikin katin, ba za ta wuce abin da ya yarda ba. Yawanci tana ɗaure da Temp Limit, suna tafiya tare; a yanayinmu na fi son a raba su a bar iyakar zafi inda take. Sai fanka: ku shiga saituna ku zana mata layi yadda za ta kai kashi 70 ko 80 cikin 100 idan zafi ya kai digiri 70. Za ta yi ƙara, amma ƙarar fanka ta fi zafin cip sauƙi. Sandar Core Voltage kuwa, ku bar ta a kulle yadda kuka same ta. Ribar da take kawowa kaɗan ce, zafin da take jawowa mai yawa.

Yanzu sai Core Clock. Ku rubuta +25, ku danna alamar amincewa, ku kunna gwaji na minti goma kuna kallon allo da idonku. In ya wuce lafiya, ku rubuta maki, ku ƙara 25. Da kun haura +100, ku rage matakin zuwa 15. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya yi tsalle daga sifili zuwa +200 kwamfutar ta tsaya, bai koyi komai ba, domin bai san ko a 120 matsalar ta fara ko a 190 ba.

A wani mataki katin zai nuna ya gaji, kuma yana da kyau ku san kamannin gajiyar. Wani lokaci ƙananan ɗigo farare ko kore ne za su riƙa ƙyalli a kan duwatsu da bangon da ke cikin zanen, su bayyana su ɓace. Wani lokaci dogon tsini ne zai fito daga jikin wani abu ya miƙe har ƙarshen allo. Wani lokaci kuma allon zai yi baƙi na ɗan lokaci, gwajin ya rufe, Windows ta ce direban nuni ya daina amsawa amma ya farfaɗo. Wannan na ƙarshen tsaro ne da aka gina a cikin Windows: idan kati ya yi sakan 2 bai amsa ba, sai ta sake tayar da direban. Duk waɗannan ba lalacewa ba ne. Ku koma lambar ƙarshe da ta wuce lafiya, ku ƙara ragewa da 15 ko 30 don a sami sarari, ku tsaya nan. In kwamfutar ta daskare gaba ɗaya, a kashe a kunna, za ta dawo da lambobin masana'anta. Sharaɗin shi ne ba ku danna ɗan maɓallin nan mai tambarin Windows ba, wanda yake sa a ɗora lambobinku da zarar an kunna kwamfuta. Kada a taɓa shi sai an gama duk gwaji.

Bayan cip sai memori, kuma ba a haɗa su a ja tare, don in matsala ta zo a san mai laifi. A nan matakin ya fi faɗi, +50 ko +100 a Memory Clock. Kada lambobin su ruɗa ku: memorin GTX 1060 ɗaya ne, amma GPU-Z za ta nuna kusan 2000 MHz, Afterburner ta nuna kusan 4000, kwalin kuma ya ce 8 Gbps. Hanyar ƙirga ce ta bambanta. Tarkon memori yana wani wuri daban. Memori irin GDDR5 da na bayansa suna gane kuskure a bayanan da aka aika, su sake aikawa. Saboda haka za ku iya wuce iyaka allo bai nuna ko ɗigo ɗaya ba, amma katin yana ɓata lokaci wajen maimaita aiki. Ido ba zai gani ba, maki ne zai tona. Idan a +300 kun sami maki fiye da na +200, ku ci gaba. Idan a +500 makin ya tsaya ko ya ragu, kun wuce, ku koma baya ko da komai yana da kyau a allo.

Da kun sami lambobin biyu, ku adana su a ɗaya daga cikin gurabe biyar da Afterburner ta tanada, sannan a shiga gwaji na gaskiya: awa biyu ko uku na ainihin wasan ko aikin da kuke yi, da rana tsaka, kwana biyu ko uku a jere. Sau da yawa lambar da ta tsallake Heaven takan faɗi a cikin wasa. Kuma lambar da ta zauna a sanyin Janairu sai an sake gwada ta idan bazara ta shigo.

Hanya ta biyu: rage wuta

Wutar da cip yake ci tana hawa daidai da gudu, amma game da boltej ninki take yi, wato boltej sau boltej. Ku duba lissafin. Kati yana aiki a bolt 1.05, kuka sauke shi zuwa 0.95. Na farko sau kansa ya ba da 1.10, na biyu sau kansa 0.90. Kusan kashi 18 cikin 100 na wutar cip ɗin ya tafi, zafin ma ya bi shi, alhali katuna da yawa suna iya riƙe gudunsu na asali a wannan boltej. A Afterburner, danna Ctrl da F yana buɗe wani zane mai ɗigo-ɗigo, boltej a kwance, gudu a tsaye. Ana zaɓar ɗigon 950 mV, wato bolt 0.95, a ɗaga shi zuwa gudun da katin ya saba yi, a shimfiɗe duk ɗigon da ke damansa su zama layi ɗaya. Sai a gwada kamar yadda aka yi a baya. In ya faɗi, a ƙara boltej kaɗan ko a rage gudu.

Ga wanda yake aiki da inbata da batir, ko yake sayen man janareta da kuɗin aljihunsa, ko yake zaune a ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki, wannan hanya ta fi ta farko amfani nesa ba kusa ba. Kati mai sanyi ba ya saukowa daga gudunsa, don haka a awa ta biyu ta aiki yakan riga wanda aka cika wa lambobi yana fama da digiri 83.

Waɗanda ya kamata su haƙura

Kwamfutar cinya ba ta da sararin iska, kuma sau da yawa bututun shan zafi ɗaya ne ya haɗa katin da babban cip ɗin kwamfutar. Abin da kuka ƙara wa ɗaya, ɗayan ne zai biya. Wadda ba ta da kati na daban, sai zanen Intel da ke cikin babban cip, wannan darasi bai shafe ta ba. Kwamfutar da ake neman abinci da ita, ta mai tace fim ko mai zanen gini, ita ma a bar ta a lambobin masana'anta ko a rage mata wuta kawai. Ribar 'yan mintuna ba ta kai asarar aikin awa uku da ya rushe saura kaɗan a gama ba, ga mai aiki yana jira a bakin ƙofa.

Sai katunan hannu. Tun watan Satumba na 2022, lokacin da aka daina haƙar kuɗin intanet mai suna Ethereum da katin girafik, katuna masu ɗimbin yawa da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya, musamman RX 570 da RX 580. Da yawansu an sauya musu BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin katin kansa, don a matsa wa memori. Irin wannan kati ku fara tabbatar da yana zaune lafiya a lambobinsa na asali kafin ku yi tunanin ƙari. Shi kuwa sauya BIOS ba aikin ɗan koyo ba ne: sandunan Afterburner suna da iyakar da kamfani ya sa, amma BIOS ɗin da bai dace ba yana iya hana kati tashi gaba ɗaya. Mai sabon kati kuma ya karanta takardar garanti, domin kamfanoni sun bambanta a kan abin da suke yafewa.

Aikin gida

A wannan mako ba wanda zai ja sanda ko ɗaya. Kowa ya sa GPU-Z da Heaven a kwamfutar da yake da dama da ita, ya yi gwaji da safe ya sake da azahar, ya cika layukan nan biyar, ya rubuta abin da PerfCap Reason ya nuna. Sannan ya share ƙurar katin ya maimaita gwajin a lokutan nan biyu. Ku zo da littattafanku zama na gaba. Wanda zafin katinsa ya tsaya ƙasa da digiri 75 da azahar, da shi za mu fara jan Core Clock a gaban aji. Wanda nasa ya haura 80, za mu buɗe masa zanen rage wuta.